A Bi Waya Kafin a Yanke Ta: Wuta da Malejin Tsohon Babur

Barkan na gida, barkan na shago, barkan waɗanda suka rataye rediyo a jikin dalbejiya suna jiran mai kawo gyara.

Sharhinmu na yau a kan tsohon babur ne. Ba sabon da aka ɓare daga kwali jiya ba. Tsoho nake nufi, irin wanda ke jingine a soro ko a bayan ɗaki. Na baba ne, ko na kawu. Manyan gidan sun san kukansa tun daga bakin layi. Yaran yanzu kuwa ba su taɓa jin ya tashi ba.

Dattawa daga cikinku za su tuna 1975, shekarar da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shigo aljihun ma'aikata. Malamin makaranta ya sayi babur. Akawu ya saya. Malamin gona ya saya. Honda, Yamaha, Suzuki, Vespa, kowa da zaɓinsa. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Honda na Japan ya fito da CG125. Kafin su ƙera shi, injiniyoyinsu sun zagaya ƙasashe irin su Tailan da Indunisiya da Pakistan, suka ga yadda talaka ke hawan babur. Mutum uku ko huɗu a kai, ga kaya. Baƙin mai kuwa ba a juye shi sai ya lalace sarai. Sai suka koma gida suka yi injin da zai jure rashin kula. Daga baya, a 1979, kamfanin ya kafa reshe a Najeriya, yana haɗa babura a Ota ta jihar Ogun.

To, injin ya jure. Sau da yawa za a fito da babur ɗin da ya shekara da shekaru a ajiye, a wanke kafireta, a zuba mai, a buga kik, sai ka ji ya amsa. Abin da bai jure ba abu biyu ne: waya da maleji. Fitila ba ta kawowa. Sigina ta tsaya cak. Hon ya shaƙe. Allurar maleji kuwa tana kwance a kan sifiri, ko da ana sharara gudu.

Maganata a yau guda ɗaya ce, kuma zan yi ta maimaita ta har ku gaji da ni. A bi waya kafin a yanke ta. A nemo inda cutar take kafin a sayi magani.

Bari mu fara da wuta.

Ga abin da aka saba gani. Dattijo ya turo babur ɗinsa bakin gareji. Maigidan shago ba ya nan, sai yaronsa. Yaro ya murɗa makulli, ya danna hon, shiru. Ya ɗago kai ya ce, "Baba, wayarin ɗin nan ya mutu gaba ɗaya. Sai dai a yi sabo." Kafin dattijo ya ce uffan, filaya ta shiga aiki. An yanke nan, an ɗaura can, an naɗe da salatif. Fitila ta kawo, an biya, an tafi. Bayan sati biyu sai ga dattijo ya dawo yana turi.

Ba ina kushe masu wayarin ba ne. Akwai gwanaye a cikinsu, a Ƙofar Ruwa ta Kano, a Panteka ta Kaduna, da garuruwa manya da ƙanana. Kuma gwanin za ka gane shi da abu ɗaya: ba ya gaggawar ɗaukar filaya. Tambaya yake fara yi. Yaushe abin ya fara? An wanke babur ɗin ne? An cire taya? Wani ya taɓa shi kafin ni?

Mai bin sawun akuyar da ta ɓace ba ya farawa daga tsakiyar daji. Daga turke yake farawa. Turken wutar babur shi ne batir. Don haka daga batir za mu tashi.

Yawancin ƙananan baburan wancan zamani batir ɗinsu mai bolt 6 ne, ba 12 ba irin na yanzu. Wannan shi ne abu na farko da za ka tabbatar, domin a kansa komai ya rataya. Ka sa ƙwan bolt 12 a babur mai 6, sai ya yi ja-ja, ba haske. Ka sa na 6 a mai 12, nan take ya ƙone. Duba ruwan batir. In ya yi ƙasa, ruwan batir tatacce ake ƙarawa, ba asid ba, ba kuma ruwan rijiya ba. Duba kawunansa biyu. In sun yi farin gari ko kore-kore, kankare su har sai ƙarfe ya fito fes. Kuma idan za ka kwance batir, fara da wayar da ke zuwa jikin babur, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. In akwai warin fetur a wurin, dakata tukuna. Tartsatsi ɗaya ya isa.

Daga batir sai fiyus. A nan, masu sauraro, sai na ɗan tsaya.

Buɗe gidan fiyus na tsohon babur ka ga abin mamaki. Wani ya naɗe shi da takardar sigari mai ƙyalli. Wani ya cusa guntun waya. Wani ma ƙusa ya sa. Fiyus an yi shi ne don ya ƙone. Aikinsa ke nan. Shi ne mai arha a cikin kayan wutar, an sa shi ya mutu don sauran su tsira. In ka maye gurbinsa da ƙusa, ƙusa ba za ta ƙone ba. Wayarin ne zai ƙone, kuma a ƙarƙashin tankin mai yake bi. Fiyus ɗin da ke yawan ƙonewa ba shi ne mai laifi ba. Ƙara yake kawowa. Akwai inda waya mai wuta ta goge, tana taɓa ƙarfe.

Yaya za a gano wurin ba tare da an ƙone fiyus goma ba? Ga dabarar tsofaffin masu wayarin. Ka sami ƙwan sigina guda, ka haɗa masa wayoyi biyu. Cire fiyus, ka sa ƙwan a gurbinsa. Murɗa makulli. Muddin wayar nan tana taɓa ƙarfe, ƙwan zai kama da haske sosai. Sai ka riƙa zare mahaɗan wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Na hon. Na danja. Na sigina. Wanda ka zare haske ya dushe ko ya ɗauke, a layinsa cutar take. Ba a yanke komai ba. Ba a sayi komai ba. Wannan ƙwan mai wayoyi biyu, ni a ganina, ya fi rabin kayan aikin da ke cikin akwati amfani.

Yanzu ga abin da aka fi mantawa da shi. Wuta ba ta tafiya ta zauna. Sai ta je ta dawo. Ta fita daga batir ta waya, ta shiga ƙwai, sannan ta komo ta wata wayar ko ta jikin ƙarfen babur. In hanyar dawowa ta toshe, ƙwai ba zai kawo ba, ko da sabo ne fil, ko da batir cike yake. Kuma a tsohon babur hanyar dawowar nan ce ta fi lalacewa. Tsatsa ta ci gindin notin da aka ɗaure wayar. Ko kuma an yi wa babur sabon fenti don ya yi kyau, fenti ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe.

Alamarta ba ta ɓuya. Ka taka birki, sai sigina ta yi ɗan haske. Ka kunna sigina, sai danja ta riƙa ƙyaftawa tare da ita. Jama'a su ce babur ya haukace. Bai haukace ba. Wuta ce ta rasa hanyarta ta komawa, sai ta ratsa ta cikin wani ƙwan. Maganin bai wuce kwance noti ɗaya, a goge wurin da samfefa, a mayar a ɗaure tamau, a shafa ɗan giris a kai don kada ruwa ya sake shiga.

A bi waya kafin a yanke ta. To, da me ake bin ta? Da launi.

Waɗanda suka ƙera baburan nan ba don ado suka rina wayoyi ba. Kowane launi da aikinsa. A Honda, ja ita ce mai ɗauko wuta daga batir. Baƙa ita ce mai ɗaukar wuta bayan an murɗa makulli. Koriya ita ce ta dawowa. Mai ruwan lemo siginar hagu, mai ruwan sararin sama siginar dama. Ba sai kun haddace duka ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan: launin wani kamfani ba na wani ba ne. A Yamaha baƙar waya ita ce ta dawowa. A Suzuki baƙa ce mai farin zane. Kun ga tarkon? Yaron da ya koyi aiki a kan Yamaha, in ya ga baƙar waya a Honda, sai ya ɗaure ta a jikin ƙarfe, a zatonsa wurinta ke nan. Ana murɗa makulli sai hayaƙi.

Shi ya sa nake jin takaici in na ga an yanke wayar asali an jona wayar wutar gida, ko wayar tsohuwar rediyo, duk launi ɗaya. An share taswirar da mai gyara na gaba zai bi. In dole sai an sauya waya, a nemi mai launinta, mai kaurinta. A haɗa da dalma, ba murɗe da yatsa kawai ba. Kuma tunda Allah ya kawo mu zamanin wayar hannu, kafin ka zare ko da waya ɗaya, ɗauki hoto. Ɗauki ta gaba, ɗauki ta gefe. Ƙwaƙwalwa tana yaudara, musamman bayan an tashi an yi sallar azahar an dawo.

Mu matsa gaba, zuwa wurare biyu da cuta ta fi son ɓuya.

Na farko ƙoƙon fitilar gaba. Kwance sukurorin, ka ciro gilashin a hankali. A nan kusan duk wayoyin babur suke haɗuwa. A babur ɗin da ya daɗe a ajiye za ka iya tarar da zanzaro ya gina gidansa na laka a ciki, ƙurar hunturu ta shekaru ta kwanta, ga salatif kala uku na masu gyara uku da suka gabata, duk ya saki ya yi danƙo. Mahaɗan wayoyin, waɗannan masu kan harsashi da ake cusa ɗaya cikin ɗaya, sun yi kore. Kada ka zare su duka a lokaci guda. Zare ɗaya, goge shi, ɗan matse bakin macen da filaya don ya kama sosai, mayar. Sannan na gaba. Aikin yini ne na mai haƙuri. Amma sau da yawa kafin ka kai ƙarshe, hon ɗin da aka ce ya mutu sai ka ji ya yi kuka.

Na biyu wuyan babur. Duk wayoyin da suka taso daga ƙarƙashin tanki zuwa fitila ta nan suke wucewa. Duk juya kan da aka yi, hagu ko dama, sai sun lanƙwasa. Shekara arba'in ana lanƙwasa su. Zafin ranarmu kuma ya busar da robar. Sai jan ƙarfen da ke ciki ya katse, roba kuwa tana nan lafiya lau a ido. Alamar ita ce fitila ko inji ya ɗauke idan ka juya kai gefe guda, ya dawo idan ka miƙe. Gwajin mai sauƙi ne. Kunna wuta, ka riƙa juya kai a hankali kana kallo. In ka zargi wata waya, ja ta kaɗan da yatsu. Lafiyayya ba ta miƙewa. Wadda ta katse a ciki za ka ji robar tana talewa. Wannan guda ɗayar za a gyara. Sauran ba su yi laifin komai ba.

Sai ƙorafin da aka fi kawowa: "Malam, ƙwai ba ya kwana a babur ɗin nan. Ina sawa yana ƙonewa."

Ku saurara da kyau, domin a nan tsohon babur ya bambanta da sabo. A irin su CG125 na farko, fitilar gaba ba daga batir take shan wuta ba. Kai-tsaye take sha daga kwayil ɗin da ke cikin maganeto. Shi ya sa haskenta ke ƙaruwa in an ja totur, ya ragu in an saki. Da yawansu kuma ba su da ragileta mai daidaita ƙarfin wuta. Lissafi kawai aka yi. An auna abin da kwayil zai bayar, aka raba shi tsakanin fitilar gaba da ta baya da ɗan ƙwan da ke haska maleji, batir kuma yana shanye rara. To, in ƙwan baya ya ƙone ba a sauya ba, rabonsa sai ya koma kan na gaba. In batir ya bushe, ko an cire shi an yar tunda babur yana tashi ba tare da shi ba, rarar ba ta da wurin zuwa. Ana jan mai a kan titi, sai fat, duhu. Mai babur ya zagi mai sayar da ƙwai. Alhali ƙwan ba shi da laifi. A gyara batir, a cike gurbin kowane ƙwai da mai ƙarfin da aka rubuta masa, a ga ko zai sake ƙonewa.

Sigina ma haka. In ta kama ta tsaya ba ta ƙyaftawa, kafin a sayi sabon abin ƙyaftawar, a duba cajin batir da ƙarfin ƙwayayen. In batir ba ya riƙe caji duk da ana hawa kullum, a duba rektifaya, wato abin da ke juya wutar inji ta zama irin wadda batir ke karɓa. Na wancan zamanin suna gajiya da tsufa, kuma na zamani ƙarami mai arha yana maye gurbinsu.

Maganar rashin wuta a fulogi kuwa, a taƙaice zan yi ta. A yawancin Honda masu maganeto, makulli ba ba da wuta yake ga fulogi ba. Kashe ta yake yi, ta hanyar haɗa wata baƙar waya mai farin zane da jikin babur. Saboda haka in babu tartsatsi, zare wannan wayar daga makulli ka buga kik. In tartsatsi ya dawo, makulli ne ya lalace, kwayil ɗinka lafiyarsa ƙalau. In bai dawo ba, sai a leƙa kwantak, a goge bakinsa, a daidaita tazararsa. Kwayil shi ne na ƙarshen zargi, amma shi ake fara saya.

To, jama'a, mun gama da wuta. Mu juya ga maleji.

Ku tsaya a bakin titi gobe da safe, ku leƙa baburan da ke tsayawa. Nawa ne allurarsu ke motsi? Mun mayar da maleji kayan ado. Har a bakinmu, in an ce wane ya ƙure maleji, yabo ne ko tsegumi, ba wanda ya leƙa ya ga ko malejin yana aiki. Ni kuwa ina ganin mataccen maleji asara biyu ce. Ta farko, ba ka san gudunka ba. Dokar hanya ta Najeriya ta ce kada babur ya wuce kilomita 50 a sa'a cikin gari. Da me za ka auna? Da iskar da ke kaɗa rigarka? Ta biyu, lambobin nan da ke juyawa a tsakiya su ne ke gaya maka tafiyar da inji ya yi tun juyen mai na ƙarshe. In sun tsaya, sai dai ka yi ta kintace.

Abin daɗin shi ne malejin tsohon babur ba ruwansa da batir, in ban da ɗan ƙwan da ke haska shi da dare. Juyi ne kawai. A cibiyar tayar gaba akwai ɗan giya. Taya na juyawa, giya na juya wata siririyar waya da ke cikin kebur. Wayar ta hau sama ta juya maganaɗisu a cikin agogon malejin. Maganaɗisun yana juyawa a cikin wani ɗan ƙoƙon alminiyam ba tare da ya taɓa shi ba, amma ƙarfinsa yana jan ƙoƙon ya bi shi. Wani siririn sifirin kuma yana riƙe ƙoƙon kada ya zarce. Allura a jikin ƙoƙon take. Gudu ya ƙaru, ja ya ƙaru, allura ta hau. Wani injiniya Bajamushe, Otto Schulze, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1902. Da ita kamfanin Nippon Seiki ya yi wa Honda agoguna. Dabara ce da ta haura shekara ɗari tana aiki.

Kun ga ke nan wuri uku ne kacal: giyan ƙasa, kebur, agogon sama. Kuma babur da kansa zai gaya maka wanne ne, in ka kula. Lambobi suna juyawa amma allura a kwance? Kebur da giya lafiya suke, cutar tana cikin agogo. Lambobi da allura duk sun tsaya? Bar agogo ya huta, ka sauka ƙasa.

Kwance kebur daga gindin agogo. Ɗaga tayar gaba, ka sa wani ya juya ta. Dubi bakin wayar, mai kusurwa huɗu ne. In bai juya ba, jawo ta. Sau da yawa rabi ne zai biyo hannunka, ta katse. In kuwa yana juyawa, ɗan riƙe shi da yatsu biyu. Ya tsaya alhali taya na juyawa? To bakin ƙasa ya cinye, ko haƙoran giya sun lalace.

A nan sai ka tambayi kanka: yaushe aka cire tayar gaba? Domin maleji da yawa a wurin faci suke mutuwa. Giyan nan yana da 'yan kunnuwa da dole su faɗa cikin gurbinsu a jikin cibiyar taya. In ana sauri, ga layi na jira, aka mayar da taya ba a daidaita su ba, aka ɗaure noti da ƙarfi, sai kunnuwan su lanƙwashe. Mai babur ya hau ya tafi. Sai bayan kwana uku ya lura allura ba ta motsi, kuma ba zai taɓa haɗa abin da facin ba. In za a mayar maka da tayar gaba, tsaya a kai. Ka ce, "Maigida, a duba mini kunnen maleji ya zauna." Ba raini ba ne. Kuma in za a sa wa giyan giris, kaɗan ya isa, domin a baburan da birkinsu na cikin cibiya ne, giris in ya yi yawa kan takalmin birki yake zuwa.

Allura mai rawa fa? Wadda ke tsalle tsakanin 30 da 60 ba ta tsayawa wuri guda? Mafi yawa kebur ne ya bushe ko ya lanƙwashe. Yana maƙalewa, ya saki, ya maƙale, ya saki. Zaro wayar ciki, ka wanke ta da kananzir. Riƙe bakinta biyu, ka bar tsakiya ta yi lilo, ka murza a hankali. In ta juya sumul, lafiya. In tana zillo, ta lanƙwashe a wani wuri, sai sabuwa. Wajen mayarwa shafa mata giris sama-sama, amma ka bar kamar taƙi guda na wajen sama ba giris. Ku riƙe wannan. Wayar nan murɗaɗɗiya ce, tana tura maiƙo sama. In ya shiga agogo ya cike tsakanin maganaɗisu da ƙoƙo, sai allura ta riƙa harbawa can ƙarshe. Son gyara ya zama ɓarna. Sannan a bi da kebur ta hanyarsa ta asali, ba lanƙwasa mai tsanani, ba ɗauri da zai matse shi in tayar gaba ta faɗa rami.

In duk wannan lafiya yake, to agogon ne. Shawarata a nan ita ce kada ka buɗe shi da sukudireba a kan benci. Bakinsa naɗe yake da zoben ƙarfe, sifirin ɗin da ke ciki kuma bai kai kaurin zaren ɗinki ba. Taɓawa ɗaya ta ganganci ta isa ta sa ya yi ta ƙarya har abada. Kai wa mai gyaran agogo, irin dattawan nan masu gilashi a ido ɗaya. Hannunsu ya saba da irin wannan.

Wani zai ce, me ya sa ba zan sayi sabo in huta ba? Kana iya saya. Kayan babur daga Nnewi har Kano ba abin da babu. Amma ba kowane agogo ne ya dace da kowane giya ba, kowanne da lissafin juyinsa. Girman taya ma yana sauya karatu. Ka sa tayar da ta fi ta asali girma, maleji zai nuna ƙasa da ainihin gudunka. In kuma babur ɗin ko agogon daga Ingila ko Amurka ya fito, duba ko mil yake ƙirgawa. Mil 60 ya kusa kilomita 100. Bayan kowane gyara, gwada shi da ma'aunin gudu na wayar hannu, wani a baya yana riƙe da ita, ba kai mai tuƙi ba.

Ban ce komai ba a kan masu mayar da lambobin maleji baya in za su sayar da babur. Wannan ba gyara ba ne. Algus ne, kuma sun sani.

Kafin lokaci ya ƙure mana, ga saƙona gare ku. Ku 'yan'uwana masu wayarin, ku ba yaranku ƙwan gwaji kafin ku ba su filaya. Ku koya musu a bi waya kafin a yanke ta. Ku kuma masu niyyar tayar da babur ɗin baba a wannan makon, hawan farko ku yi shi da rana, kusa da gida. Ku sa yaro ya tsaya a baya ya gaya muku ko danja tana kamawa in an taka birki. Ku ɗaura hular kwano ko da iyakar tafiyar bakin layi ce.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa a sauka lafiya. Mu kwana nan. Sai wani makon, in Allah ya kai mu.